Moton Mati Ba Ya Shan Mai

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Malanville ya san Mati, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutumin ƙauyen Garou ne, gajere mai faɗin ƙirji, kuma Allah ya yi masa bakin da ba ya gajiya. Shekara tara yana riƙe da mabuɗin mangazar Alhaji Isma'ila, ɗakin da ake jibge buhunan albasa kafin manyan motoci su kwashe su zuwa kudu. A wuya yake rataye mabuɗin da jan zare, kuma a saman riga, don kada wani baƙo ya yi kuskuren ɗaukarsa ɗan dako. In yana magana sai ya riƙa kaɗa shi da yatsa.

Matsalar Mati ɗaya ce, makara. Tsohon motonsa, wato babur ɗin da yake hawa, ba ya tashi sai an lallashe shi, in ya tashi kuma sai ya tsaya tari a hanya. Sau uku a wata guda 'yan dako suna zaman jiransa a ƙofar mangaza. A na ukun Alhaji ya kira shi gefe.

"Mati, ran Juma'a kamiyo, babbar motar kaya, na zuwa daga Kwatano, ƙarhe takwas. In direba ya iske ƙohwa ruhe, mabuɗin ga ya koma wuyan Rachidi. Ba ni ƙara magana."

Rachidi mai ɗinkin buhu yana zaune a kusa, dogo marar magana. Bai ɗago kai ba, amma allurarsa ta tsaya cak. Mati ya ga tsayawar allurar nan, ya san maganar ba wasa ba ce. Sai dai shi tsoro ba ya daɗewa a cikinsa kafin ya rikiɗe ya zama cika baki.

Ya sayar da tsohon moton, ya haɗa da rago da buhu uku na shinkafa. Ranar Talata sai ga shi a hanyar Garou bisa wani farin abu mai ƙananan tayoyi, sirdinsa ko ledar ba a cire ba. Wurin da ya fara tsayawa shi ne rumfar Hajjo, mai sayar da mai a kwalabe a tsakiyar hanya. Taubashiyarsa ce, tun suna yara ba sa raga wa juna.

"Taubashiya, hito ki yi bankwana da kuɗɗina."

Hajjo ta zagaya abin sau ɗaya, hannunta a ƙugu. "Keken ɗinki ka sa ma taya?"

"Moto na, na kuran, wutar lantarki ke nan. Ba shi shan mai, ba shi hayaƙi, ba shi tari. In soka shi ga bango kamar salula, da sahe shi kai ni Malanville shi maido ni. Ke da kwalabenki ku nemi wata sana'a."

"Kuran ɗin Garou? Wanda ka zuwa shi gaishe mu shi koma?"

"Hassada ta, na san ta." Ya murɗa hannu, moton ya sulale ba ko ƙara, 'yan kabu-kabun da ke hutawa a rumfar suka bi shi da ido.

Rashin ƙarar nan da yake taƙama da shi, shi ya fara ba shi wahala. A hanyar Garou ba da ido ake kauce wa moto ba, da kunne ne. Mace mai tallan kifi ba ta waiwaya sai ta ji ƙugi, akuya ma haka. Ga shi odar sabon moton siririya ce kamar kukan ɗan tsako. Kafin ya kai kasuwa ranar Laraba ya shiga tsakanin tumaki sau biyu, ya kuma bi bayan amalanken Baba Alasan, tsoho mai dakon albasa, tafiya mai nisa yana danna odar, jakin ko kunne bai kaɗa ba. Daga ƙarshe Mati ya samo dabara. In ya hango mutane sai ya buɗe baki ya yi ƙugin moto da kansa, har da canjin murya wurin hawan tudu. Hanya kuwa ta riƙa buɗewa. Da ya isa mangaza muryarsa ta dishe, ya ce wa 'yan dako sanyin safiya ne.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa Zuwaira ta saba jin tarin tsohon moton tun daga bakin gari, ta gyara zama ta kawo ruwa. Ranar nan ya sulalo har tsakar gida ba wanda ya ji. Ya tarar da ita ta rataya ludayi a wuya da zare, ta turo ƙirji, tana takawa a gaban matan maƙwabta tana cewa, "Ba shi shan mai, ba shi hayaƙi, ba shi tari." Matan suna ta faɗuwa don dariya. Da ta juyo ta gan shi sai ta cire ludayin a hankali.

"Sannu da zuwa, Maigida. Ka riƙa yin sallama da baki, tun da abin naka bai iya ba."

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauke kuran a Garou. La'asar ta yi bai dawo ba. Mutane suka fara yawo da matattun wayoyi a hannu suna tsaki. Mai hankali da ya tura motonsa ɗaki ya rufe. Mati kuwa ya fito da nasa ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya nuna wa jama'a wata 'yar kafa a ƙarƙashin kan moton.

"Duk mai salula shi kawo. Gari ba kuran, gidan Mati akwai."

Aka kawo. Wayoyi suka yi layi bisa tabarma, aka kawo tocila, aka kawo rediyo, wani ma ya zo da 'yar fanka wai tsohuwarsa na jin zafi. Da yake ba a hana maƙwabci abin da ya gani da idonsa, kuma Mati ba mai son hanawa ba ne in ana kallo, kowa ya samu. Tsakanin haka ya ɗauki liman ya kai shi bakin gulbi ya dawo da shi, ya ɗauki mai unguwa, ya ɗauki duk wani dattijo da ya ce bai yarda abu na tafiya ba mai ba. Da magariba ta kawo kai ya kunna fitilar moton aka yi alwala a haskenta.

Zuwaira ta leƙa gilashin da ke kan moton. "Maigida, jiya sanduna biyar na gani nan. Yanzu ɗaya ta, kuma tana ƙyafta ido."

"Ke mi kika sani ga moto? Rizab na, 'yar ajiyar da ka rage ga kowane moto. Tsohon ga da na saida, da warin mai kaɗai na sha kai shi Malanville."

"Wancan mai shi ka sha."

"Duk moto moto na."

Sannan ya yi abin da yake ganin shi ne ƙarshen wayo. Ya danna wani maɓalli, sirdin ya ɗaga da kansa, ga akwati a ƙasa. Ya cire mabuɗin mangaza daga wuyansa a gaban sauran jama'a, ya saka a ciki, ya rufe. "Wanga akwati ba shi da kwaɗo balle a hwasa. Sai moto na kunne, sai yatsan mai shi. Ɓarawon da ka ɗauke mabuɗin Alhaji ba a haihe shi ba." Aka jinjina kai. Kuran dai bai dawo ba har gari ya waye.

Juma'a da sassafe ya saka farar riga ya fita, yana cewa Zuwaira zai sha shayi a Malanville kafin direban kamiyo ya wanke ido. Moton ya tafi lafiya har ya wuce gonakin albasa. Daga nan ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wani mai keke ya wuce shi. Wata mata mai tulu a ka ta wuce shi, har ta gaishe shi. Can gilashin ya yi ƙyaf ya mutu, moton ya gangara a hankali ya tsaya. Duk faɗin hanyar nan bai ga wurin tsayawa ba sai daidai gaban rumfar Hajjo.

Hajjo tana jera kwalabe. Da ta gan shi sai ta jawo kujera ta zauna.

"Gaisuwa na tsaya yi," in ji Mati.

"Na amsa. Wuce mana."

Ƙarfe bakwai da kwata ne. 'Yan kabu-kabu shida suka taso, ga Issufu mai gyaran moto daga rumfarsa ta tsallaken hanya. Ba mugunta ta kawo su ba. A hanyar nan ba a barin mutum tsaye da mataccen moto, kuma kowa ya san maganin da ake yi. Da farko aka kwantar da shi a gefen hagu don ragowar mai ya gangaro. Mati yana cewa ba mai a ciki, ana ce masa kowa haka yake faɗa. Aka tayar, aka kwantar a dama. Mutum biyu suka ɗaga gaba suka jijjiga. Wani ya nemi tanki don ya hura bai samu ba, sai ya gano kafar da ake soka waya, ya kafa baki ya hura har idonsa ya yi ja.

"Ga ramin nan ashe," in ji Hajjo, ta taso da mazurari da kwalba. "Rabin litir na ba ka kyauta, don zumunci."

Mati ya faɗa kan moton ya rungume shi. "Wanda ya zuba mai nan, ni da shi sai gaban jandarma."

"To a tura," in ji Issufu. "Ba moton da turi bai tada ba."

Mati ya san ba haka abin yake ba, amma agogo na tafiya, kuma a ransa ya ce wa ya sani. Ya hau. Ƙarti huɗu suka sa hannu suka kwasa da gudu a gangaren da ke bin gonakin shinkafa.

"Sa deziyam, giya ta biyu!" in ji masu turi.

"Ba shi da bitas, ba giya gare shi!" in ji Mati.

"To saki ambiriyaj, kulocin nan! Saki, saki!"

Mati ya duba dama ya duba hagu, ba abin da zai saki. Ana ta yi masa ihu a kunne. Abin da ke hannunsa kawai kan moto ne, shi ya saki. Moton ya zaɓi hanyarsa, ya bar titi, ya bi ta kan kunya ya faɗa magudanar ruwan shinkafa, mai shi a gaba shi a baya. Da aka tsamo su farar rigar ta koma ruwan ƙasa, tayar gaba kuma ta karkace tana kallon garin Gaya da ke tsallaken gulbi.

Issufu ya durƙusa da kayan aikinsa. Ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya daɗe. Sannan ya miƙe yana share hannu da fuskar mai ba da labarin rasuwa.

"Mati, an cuce ka. Moton ga ba shi da buji, abin da ka tada wuta cikin inji. Sun cire kahin su saida maka."

Takwas saura kwata. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ya bar moton wurin Hajjo ya hau a kai shi, minti goma sun isa. Mati ya yi hamdala, ya ɗaga ƙafa zai hau, hannunsa ya kai wuya don ya kaɗa mabuɗi yadda ya saba. Ba zare. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Ya koma ya danna maɓallin sirdi. Shiru. Ya danna da babban yatsa, ya danna da bismilla, sirdin bai motsa ba. Ya ciro wayarsa don ya kira Alhaji ya roƙi arziki, sai ya tarar a mace take. Duk Garou wayarsa ce kaɗai ba ta samu shiga layi ba jiya.

"Abu mai sauƙi," in ji Issufu, ya ɗauko ƙarfen cire taya. "In sa nan in ɓanɓare, ka ɗauki mabuɗinka ka tahi."

Da ya yarda a lokacin da ya isa a kan kari. Amma ya dubi sirdin nan mai leda, ya tuna ragonsa da shinkafarsa, ya kuma ga Hajjo ta zuba masa ido tana jira. "Ba a taɓa shi da ƙarhe. Kuran kaɗan shi ka so. A kai shi kasuwa in soka, minti biyu shi buɗe da kanshi, ku gani da idonku."

Da karkatacciyar taya ba ya turuwa, kuma ba ɗan kabu-kabun da ya yarda ya ɗora shi a baya. Ana cikin gardama sai ga amalanken Baba Alasan ya taho ɗauke da albasa. Tsohon ya saurari bayani bai yi dariya ba. Aka ɗora moton bisa buhuna aka ɗaure da igiya, Mati ya hau ya riƙe shi don kada ya zame, Issufu ya ɗane baya wai yana son ganin ƙarshen moton da ba buji.

"Baba, a taɓa jakin ga mana. Sauri ni kai."

"Shi ma ba shi shan mai, ɗana. Haƙuri a ka yi da irinsu."

Jakin yana da wuraren tsayawarsa na kullum, kuma bai ga dalilin sauya su don Mati ba. Ya tsaya a bakin rijiya, ya tsaya wurin mai ƙosai. Takwas ta wuce, tara ta wuce. 'Yan kabu-kabun nan kuwa suka ƙi neman fasinja, suka jeru gaba da baya suna busa oda kamar masu rakiyar amarya. Kafin a shiga Malanville sun kai ashirin. Ranar babbar kasuwa ce, mutanen Gaya sun tsallako gada, na Toumboutou sun iso, hanya ta cika. Mata suka riƙa leƙowa daga rumfuna suna tambayar wa aka kawo.

"Moton da ba shi shan mai na," in ji masu rakiya. "Ya gaji, an goyo shi."

Mati yana zaune can sama, laka ta bushe masa a gemu. Duk wanda suka haɗa ido sai ya ɗaga masa hannu ya ce hutar da shi yake yi, haka takardarsa ta ce.

Goma ta gota suka iso layin 'yan albasa. Ga kamiyo nan tsaye ya tare gaban mangaza, Mati ya ji sanyi a ransa, ashe bai tafi ba. Aka sauke moton a rumfar wata mai ruwan sanyi da ke da kuran. Jama'a suka yi da'ira. Mati ya gyara murya, ƙarfinsa ya dawo.

"Ku matsa ku ba yara wuri su gani. Yanzu za ku san bambancin ilimi da ƙarhen taya."

Mai ruwan sanyi ta cire wayar firjinta ta nuna masa wurin sokawa. "Kawo wayar taka."

Mati ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu. Sannan a hankali idonsa ya sauka kan sirdi. Tun ranar Laraba ya naɗe wayar sharjin da kyau ya ajiye ta a wurin da ɓarawo ba ya kaiwa.

Issufu ya matso da ƙarfensa, ya dube shi. Mati ya kau da kai. Ƙara ɗaya aka ji, sirdin ya tashi sama da ledarsa ya faɗa cikin kwandon tumatir. A lokacin ne dariyar ta fashe, tun daga layin albasa har rumfunan masu kifi.

Mati bai tsaya saurare ba. Ya fizgi mabuɗin, ya ɗaga shi sama, ya zagaya bayan kamiyo da gudu yana cewa a ba shi hanya. Ƙofar mangaza a rufe take. Ya kama kwaɗon ya soka mabuɗi, ya ƙi shiga. Ya juya shi ya sake sokawa. Ya tofa masa yawu. Sai a nan ya lura kwaɗon sabo ne fil, tsohon kuma yana yashe a ƙasa an yanke shi da zarto. A bayansa kamiyo ya yi ƙugi ya fara tafiya, buhuna sun cika shi har sama an ja tampol.

Da motar ta gusa sai ga Alhaji Isma'ila zaune a benci yana shan shayi. Kusa da shi Rachidi na ɗinkin buhu, kansa a ƙasa, sabon mabuɗi na rataye a wuyansa. A saman riga.

Mati ya tsaya da tsohon mabuɗi a hannu. Shekara tara ce ta tafi a safiya ɗaya, kuma ya san ba wanda ya yi masa sai kansa. Ya matsa ya durƙusa, ya miƙa tsohon mabuɗin da hannu biyu.

"Alhaji, ga amanarka. Ban yar da ita ba."

Alhaji ya dubi mabuɗin, ya dubi lakar da ke gemun Mati, ya kurɓi shayi. "Riƙe abinka, Mati. Ka sha wahala kanshi. Ga allura can, Rachidi shi nuna maka yadda a ka kama bakin buhu."

Da la'asar amalanken Baba Alasan ya kama hanyar Garou, moto marar sirdi a kwance a ciki, Mati a zaune a gefe, yatsunsa duk huda. Jakin ya tsaya a gaban rumfar Hajjo, don nan ma wurin tsayawarsa ne. Ta fito ta dubi jan zaren da ya koma wuyan taubashinta, wannan karon a cikin riga. Ta sa yatsa ta jawo mabuɗin waje.

"Mi shi ka buɗewa yanzu?"

Mati ya kai hannu zai mayar da shi cikin riga. Hajjo ta gyara masa mabuɗin a tsakiyar ƙirji ta daddaɓa shi.

"Bar shi waje, taubashi. Yau kam gaskiyarka, ɓarawon da ka ɗauke shi ba a haihe shi ba."